Pisin cikin damana: ruwan sama ba ya wanke ruwa

Damana ta kankama, kuma kamar kowace shekara masu tafkin wanka na cikin gida, wanda kowa ya fi sani da pisin, sun shiga kukan da suka saba: jiya ruwa garau har ana hango karon ƙasa, yau an wayi gari ya yi kore shar kamar miyar kuka. Wani zai ce ina ruwan ɗan kasuwa da mai tuyar ƙosai da wannan magana ta masu hannu da shuni? To, jama'a, da ruwansu. A Yamai, tun daga Plateau har Kwara Kano, manyan gidaje da yawa suna da pisin, kuma yanzu a Maraɗi da Damagaram da Tawa wasu alhazai in sun tashi ginin zamani sai sun saka shi. Mai sayar da magungunan ruwan ɗan kasuwa ne. Mai gadin da ke kula da shi ɗanmu ne ko ƙanenmu. Yarinyar da ke aiki gidan, tana goye da ɗan uwar ɗakinta ko nata, ɗiyar wata ce daga cikin masu karatun wannan shafi. Sauron da zai tashi daga ciki kuwa ba ya tambayar takardar gida kafin ya tsallaka katanga.

Bari mu fara da lissafi, tunda da ƴan kasuwa muke magana. Pisin matsakaici, mai tsawon metir 8, faɗin metir 4, zurfin metir ɗaya da rabi, yana cin litir 48.000. Tano 240 kenan na litir 200, ko bido 1.920 na litir 25, irin wanda ƴan ga-ruwa ke turawa a kura. Gida mai mutum 10, in kowa yana amfani da litir 20 a yini, wannan ruwa zai kai su wata 8. Duk wanda ya taɓa tsayawa layin pompo a Damagaram cikin watan Afrilu ya san abin da muke nufi. Sabili da haka shawarar da wasu ke yankewa da sauri, wai in ruwa ya ɓaci a zubar a sake wani, mu ba mu ɗauke ta shawara ba.

Abin da hadari ke kawowa

Mutane da yawa suna zaton tunda ruwan sama daga sama ya zo, mai tsabta ne, zai ƙara wa pisin kyau. Ruwan da ya faɗo kai tsaye ba shi ne babbar matsala ba. Milimetir ɗaya na ruwan sama litir ɗaya ne a kan kowane murabba'in metir; in aka yi ruwa mai milimetir 50, wanda a nan ƙasar babban ruwa ne, pisin ɗin da muka ambata zai samu ƙarin litir 1.600 kawai, tano 8 cikin 240. Wannan yana ɗan tsinka maganin da ke ciki, amma ba shi ke kashe shi ba.

Ɓarnar tana ga abin da ke rakiyar ruwan. Kowa ya san yadda hadarinmu yake: kafin ɗigo ɗaya ya sauka, sai jar iska ta taso daga gabas da ƙura da ledoji da ganyen bedi, ta juye su cikin pisin. Bayan nan ruwan indararo ya wanko kashin tsuntsaye da ƙadangaru daga saman kwano, ruwan tsakar gida ya kwaso laka da takin fulawa, in gidan akwai ragon layya ko kaji har da nasu rabon. Da dare kuma, in an bar fitilun pisin kunne bayan ruwa, shinge ya taru ya mutu a ciki, kwaɗi su biyo shi. Duk wannan datti abinci ne ga gansakuka, kuma shi ne ke cinye kulor, maganin nan mai warin Javel da ke kashe ƙwayoyin cuta. Kulor ya ƙare wajen faɗa da datti, ruwa yana da ɗumi, rana ta fito: cikin kwana ɗaya ko biyu gansakuka ta kama.

Akwai abin da ya fi gansakuka muni, wanda ido ba ya gani. In ruwa ya yi yawa har masai ko ramin ƙazantar gida ya cika ya tumbatsa, ko ruwan titi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya gangara cikin pisin, to wannan ruwa ya tashi daga na wanka. Ba mu manta da kwalarar da ta ɓarke a Madarunfa cikin 2018 ba, da wadda ta bi jahohin Maraɗi da Damagaram da Tawa cikin 2021, duka biyun sun yi ƙarfi ne cikin damana. Yaro ba ya iyo bai haɗiyi ruwa ba. Pisin da ruwan titi ya shiga, a hana kowa shiga har sai an tace shi, an ba shi magani mai ƙarfi, an auna.

Kafin ruwa da bayan ruwa

Aikin da ya fi arha shi ne wanda ake yi kafin hadari. A sassabe rassan da suka leƙo kan pisin tun farkon Yuni. A duba inda indararo ke zuba, a karkatar da shi. In tsakar gida ta gangaro wajen pisin, a sa magini ya yi ɗan tudu ko ƴar magudana ta zagaye shi. Buhun siminti ɗaya ko biyu zai hutar da mai gida sayen kilo-kilo na magani. Da an ga gabas ta yi duhu, a kwashe kujeru da tabarmi da kayan wasan yara, a kashe injin.

Kashe injin nan ba wasa ba ne. A gidaje da yawa ɗakin injin rami ne a ƙasa, da murfin ƙarfe, kuma shi ne wuri na farko da ruwa ke cikawa. Mai gadi ya zo da safe ƙafa ba takalmi, ya tarar da ruwa ya kai gwiwa, ya sa hannu zai kunna. Kada ya yi. A fara yanke kuran daga babban akwatin wuta na cikin gida, a kwashe ruwan, a bar injin ya bushe, mai gyaran wuta ya duba. Kuma duk pisin ya kamata a ce layin wutarsa yana da abin nan mai yanke kuran da kansa da ya ji ta zurare, wanda masu aikin wuta ke kira na miliampiya 30. Wanda bai san ko nasa yana da shi ba, ya tambaya yau.

Haka nan maganar tsawa. Da an ji cida, kowa ya fito daga ruwa ya shiga ɗaki, ba gindin itace ba, kuma kada a koma sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba. Yara suna son wanka cikin ruwan sama, mun sani, mu ma mun yi. Amma a nan babu lallashi.

Bayan ruwa ya ɗauke, aiki yana da tsari, kuma wanda ya fara da zuba magani ya yi asarar kuɗinsa. Da farko a tsame ganye da ƙwari da raga, a zazzage ƴan kwandunan da ke tare datti a bakin pisin da na gaban injin. A goge bango da buroshi, domin a nan gansakuka ke fara kamawa. In ka shafa karo ka ji santsi, ta riga ta iso ko da ruwan bai canza launi ba. In ruwan ya hau ya rufe bakin da ke zuƙar dattin sama, a rage shi ya dawo tsakiyar bakin. Sannan a wanke matatar rairai ta hanyar juya ruwa baya, har ruwan da ke fita ya yi haske. Sai a auna.

Awon nan shi ne abin da aka fi gudu, alhali shi ya fi sauƙi. Ana sayar da ɗan akwati mai kwalabe biyu, ko ƴan takardu da ake tsomawa su canza launi. Abu biyu ake dubawa. Na farko kulor, wanda ake so ya tsaya tsakanin miligiram 1 zuwa 3 cikin litir. Na biyu shi ne abin da ake rubutawa pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, ana son shi tsakanin 7,2 da 7,6. Mata sun san wannan tun a madafa: tsamiya da kanwa kowace tana karya ƴar uwarta. In ruwa ya karkata wajen kanwa, kulor yana yin sanyi. A 7,5 kusan rabinsa ne ke aiki, a 8 kuwa da ƙyar kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa za ka ji mutum yana rantsuwa ya zuba magani har na jikka nawa amma ruwa bai gyaru ba, ya koma kasuwa yana zargin mai shago da sayar masa da jabu. A gyara pH tukuna, sannan a sa kulor.

Ga yadda ake lissafin garin kulor da aka sani da HTH, wanda ƙarfinsa yake kashi 65 zuwa 70 cikin 100. A pisin mai litir 48.000, giram 70 yana ɗaga awo da miligiram 1. In ruwa ya yi kore, ana ba shi mai ƙarfi sau ɗaya, wajen giram 700. A cika bokiti da ruwa, a zuba garin cikin ruwan, ba ruwa kan gari ba, a dama da sanda, a bi gefen pisin ana zubawa injin yana aiki. Da magariba ake yi, domin rana tana cinye kulor. Kada kowa ya shiga sai awo ya sauko wajen 3.

In ruwan ya yi duhun laka, wanda matata ta kasa, a nan hikimar iyayenmu mata ke shigowa. Alif ɗin da ake jefawa cikin randar ruwan gulbi ya kwanta, wanda wasu ke cewa alam, danginsa ne masu pisin ke saye da tsada da sunan maganin kwantar da datti. A narka shi, a zuba, a kashe injin kwana ɗaya, laka ta kwanta a ƙasa, sannan a zuƙe ta a hankali a fitar waje ba tare da ta bi ta matata ba. Alif yana ƙara wa ruwa tsami, sai a sake awo bayansa.

Duk wannan yana tafiya ne in akwai kuran. Masu sana'ar suna da wani lissafi: a raba zafin ruwa biyu, abin da ya fito shi ne awoyin da injin zai yi a yini. Ruwa mai digiri 30, awa 15 kenan. Wanda ya zauna Yamai cikin Agustan 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba ƙasar nan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ya san cewa awa 15 na iya zama mafarki, kuma ko ba wannan ba, iskar hadari kaɗai tana kayar da turakun wuta. Ranar da babu kuran, buroshi da raga da bokiti su ne injin: a goge, a tsame, a narka magani a zuba ta kowane gefe, a motsa ruwan da sanda mai tsawo.

Wanda ya ce zai zubar

Ban da asarar ruwa, zubar da pisin cikin damana yana da haɗari biyu. Pisin tamkar kwale-kwale ne da aka binne. Nauyin ruwan ciki ne ke danne shi. In ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, musamman a unguwannin kwari da na kusa da kogi, ruwan ƙarƙashi yana turo shi sama, ya tsage ko ya ɗaga gefe ɗaya. Gyaran wannan ya fi kuɗin maganin shekara goma.

Na biyu, ina ruwan zai tafi? Mun sha ganin tiyo ya leƙo ta ƙarƙashin ƙofar babban gida yana malala cikin lungu, a unguwar da babu magudana, gindin katangar maƙwabci kuwa ta laka ce. Damanar 2024 ta koya muna abin da jiƙaƙƙen gini ke yi: mutum sama da 300 suka rasu a ƙasar nan, sama da miliyan ɗaya ambaliya ta shafa, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe a farkon Satumba, har komawa makaranta sai da aka ɗaga zuwa ƙarshen Oktoba. Ko ɗan ragin da ake yi bayan ruwa, a kai shi magudana ta gaskiya, ko a bar shi ya kwana biyu ƙarfin kulor ya mutu a ba itatuwan gida.

Kashedi ga masu shago

Wannan ɓangare naku ne, masu sayar da kayan gini da na pompo, daga Katako har babbar kasuwar Maraɗi. HTH ba gishiri ba ne. In danshi ya taɓa shi yana yin zafi, yana fitar da iska mai shaƙe numfashi, kuma in ya haɗu da man fetur, ko baƙin mai, ko tsumma mai maiƙo, ko takin zamani, yana iya kama wuta da kansa. Ga shi kuma damana ita ce lokacin da rufin shago ke yoyo, ita ce lokacin da buhunan taki ke jibge a kusurwa. A ajiye shi cikin robarsa ta asali, a rufe gam, a kan katako sama da ƙasa, nesa da kayan abinci. Ƴan kasuwar da suka ga gobarar babbar kasuwar Yamai a 1982, ko ta ƙaramar kasuwa a 2012, ba sai an yi musu dogon bayani kan abin da wuta ke yi wa jari ba.

Ɗaure shi cikin ƙananan ledoji don sayarwa kaɗan-kaɗan, kamar sukari, muna ganin bai dace ba. Ƙarfinsa yana tafiya, mai saye ya ce an cuce shi, ledar ba ta da suna, yaro ya tsince ta a gida. Kuma ku riƙa faɗa wa mai gadin da aka aiko, domin sau da yawa ba ya karatun Faransancin da ke jikin roba: kulor iri biyu ne. Akwai gari, akwai dunƙulallen nan fari mai kama da sabulu da ke narkewa sannu a hankali. Ba a haɗa su cikin bokiti ɗaya ko mazubi ɗaya, suna iya fashewa a fuskar mutum. Ruwan asid na rage pH shi ma ba ya haɗuwa da kowane kulor, ko da Javel ce ta wanki. Iskar da ke tashi tana ƙona huhu. Javel kuwa zafi yana kashe ta, kada ku tara wadda za ta yi watanni a shago.

Gidan da babu kowa

Pisin da ake kula da shi, mai kulor, ruwansa yana motsi, sauro ba ya haihuwa a ciki. Wanda aka yi watsi da shi ne masifa. Cikin Agusta ma'aikata suna hutu, alhaji ya tafi sarin kaya Dubai ko Sin, an bar mai gadi ba kuɗin magani. Akwai kuma gidajen haya na Yamai da baƙi suka fita suka bari tun daga 2023. A irin zafinmu, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 10 ne ko ƙasa da haka, kuma sauron masassara ya fi son irin wannan ruwa: kwantacce, wanda rana ke bugu. Ko pisin da aka zubar, ruwan sama yana taruwa a gindinsa. Ko wanda aka rufe da tamfol, ruwa yana kwanciya a kan tamfol ɗin. Tun 2013 ake bin gida-gida a ƙasar nan cikin damana ana ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin masassara. Uwa ta ba ɗanta magani, ta ɗaura gidan sauro, a bayan katangarta kuma akwai murabba'in metir 32 na tsutsar sauro: wannan ba adalci ba ne. Maƙwabta suna da ikon yi wa mai gida magana, in bai ji ba a kai ga mai unguwa ko ma'aikatan tsabta na magajin gari. Mai tafiya ya bar magani da kuɗin kuran. Wanda ya san ya daina wanka a ciki gaba ɗaya, ya zuba ƙananan kifi irin karfasa su cinye tsutsar, ko ya cike ramin da rairai ya huta.

Sai maganar da ta fi duka nauyi. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta mutum wajen 300.000 suka mutu ta hanyar nutsewa cikin 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara 5. Yaro ba ya ihu in yana nutsewa, ba ya fantsama ruwa. Shiru ake ji. Cikin damana bakin pisin yana da santsi, kwaɗi suna jan hankalin yara, kuma koren ruwa yana ɓoye abin da ke ƙasa: ana iya neman yaro a titi alhali yana nan. In yaro ya ɓace a gida mai pisin, can ake fara dubawa. Tamfol da aka shimfiɗa kawai ba kariya ba ne, yaro yana taka shi ya naɗe shi.

Faransa ta kafa doka tun Janairun 2003 da ta tilasta wa mai pisin na gida ya sa abin kariya, kuma shingen da ake karɓa can ba ya kasa metir 1,10. Kowane maƙerin walda na bakin titi zai iya yin irinsa, da ƙofa mai sakata can sama inda hannun yaro ba ya kai, sandunan a matse yadda kai ba zai shiga ba. Ke kuma da ɗiyarki za ta kama aiki a irin wannan gida da goyo, ki je ki gani da idonki kafin ki yarda.

In abin ya faru, a fito da yaron, wani ya kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Kada a ɗaga shi ƙafa sama, kada a danna cikinsa wai ruwa ya fita. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a hura masa iska a baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirji, a ci gaba har taimako ya iso. Ko ya farfaɗo yana kuka, a kai shi likita a ranar, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da ciwo bayan awoyi.